Sunan Ƙarshe a Waƙar Illo

Akwai wani saurayi mai suna Illo, ɗan wani ƙauye da ake kira Tudun Aduwa, can ƙasar Adar. Jama'ar wannan shafi, ku gyara zama, labarin yau ba na dariya ba ne. Ni da nake rubuta shi ma sai da na ajiye waya na share ido.

Zamanin mulkin soja ne, shekarun da sama ta riƙe ruwanta. An yi shuka ta ƙone, an sake ta ƙone. Shanu suna faɗuwa a tsaye, mata suna tonon gidan tururuwa don neman tsabar hatsi. Mahaifin Illo ya riga ya rasu, saura shi da mahaifiyarsa da ƙanwarsa Aisa, yarinya mai wushirya, mai surutu kamar aku.

Illo shi ne ɗan fari. Da abin ya yi tsanani sai ya ɗauki guruminsa ya nufi Yamai cin rani, da niyyar ya samo musu ko da rabin buhu ne. Ranar da zai tafi, mahaifiyarsa ba ta dube shi ba, ba ta kira sunansa ba. Kun san kunyar ɗan fari a wajen iyayenmu na da. Sai ta juya wa Aisa ta ce, “Ki ce wa wancan ya riƙa cin abinci.”

A Yamai ya faɗa hannun wani dattijo, Baba Tanimu, mai garka a Gamkalley, bakin gulbi. Aikin Illo ɗibar ruwa yana ba salati da tumatir. Baba Tanimu da matarsa Halimatou ba su taɓa haihuwa ba, sai suka riƙe shi kamar nasu.

Da ya haɗa rabin buhun gero ya koma gida. Wayyo Allah! Ya tarar garin babu kowa. Rijiya ta ƙafe, an cire ƙyamaren ɗakuna, ko kaza babu. Ya bi ƙauyukan kusa yana tambaya, wani ya ce sun yi kudu, wani ya ce an kwashe su a kamiyo, wato babbar motar kaya. Haka ya dawo Yamai da geronsa a ka, ya ajiye gaban Halimatou, ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro.

Tun daga nan ba ya magana sosai. In an tashi daga aiki sai ya zauna gindin mangwaron garka yana taɓa gurumi. A nan waƙar ta zo masa, waƙar cigiya:

“Wa ya ga Aisa, ’yar Tudun Aduwa,
Mai wushirya, ke da mai goyonki?
In kun ji ni ku zo Gamkalley,
Garkar Tanimu, gindin mangwaro,
Ran Juma'a in an sauko, ina nan.”

Sunan Aisa ya kira, domin ɗa mai kunya ba ya shelar sunan uwarsa a bainar jama'a. Ya san in Inna ta ji, za ta gane.

To, a lokacin Yamai cike take da irinsa. Mutanen da fari ya koro sun yi bukkokin kwali da buhu a gefen gari, kusan kowa da wanda ya ɓace masa. Wata mata da ke sayen ganye a garkar ta ji waƙar, ta ce, “Ɗan nan, don Allah ka sa mini mijina.” Ya sa. Wani tsoho ya kawo jikokinsa biyu. Kafin wata ya zagayo waƙar ta yi tsawo, suna bayan suna, gari bayan gari, amma kullum Aisa ce ta ƙarshe.

Wani direba ya ɗauke ta a kaset. Daga wannan kaset aka yi ta kwafa, har ta zama babu tashar da za ka shiga, daga Doso zuwa Ƙonni, ba ka ji muryar Illo tana fita daga wata mota ba. Kuma abin ya yi aiki! Wata Juma'a matar nan mai sayen ganye tana zaune sai ga mijinta ya shigo garka, ƙafafu duk faso, yana tambaya da guntun Zabarmanci ko nan ne wajen mai waƙa. Guɗar da aka yi ranar har masu kwale-kwale sun ji.

Illo ya yi musu murna, amma da kowa ya watse ya ce, “Baba, na kowa na zuwa, nawa shiru.”

Baba Tanimu ya ce, “Ka yi haƙuri, ɗana. Waƙa ba ta da ƙafa amma ta fi ka tafiya. Kai dai kada a zo a rasa ka.”

Ana nan, wata Juma'a sai ga baƙar mota ta tsaya bakin garka. Wani mutum ya fito cikin kwat, ƙamshin turarensa ya rufe warin taki. Mushe Lawali ke nan, wato Malam Lawali a bakin masu Faransanci, babban ma'aikaci mai tattara mawaƙan samariya don bikin matasa na ƙasa. Ya tsaya ya ji waƙar har ƙarshe, sannan ya ja Illo gefe.

Ya ce, “Yaro, Allah ya ba ka murya. Irin wannan murya ba ta gindin mangwaro ba ce. Zan sa ka a radiyo, zan sa ka a talabijin, zan ba ka gita da makaɗa. Abu ɗaya ne, sunayen nan za ka cire.”

Illo ya ce, “Ranka ya daɗe, ai sunayen su ne waƙar.”

Mushe Lawali ya yi murmushi. “Kiɗan ne waƙar. Manya ba sa son ana shelar yunwa, baƙi suna ji. Ka bar amshin yadda yake, ka zuba noman rani da haɗin kai a ciki. Kuma bari in faɗa maka don Allah, wannan taron naku na Juma'a babu wanda ya ba da izininsa. Ran da jandarmomi suka zo, da kai da tsohon nan za su kwasa.”

Illo ya matso kusa da shi. Ya ce a hankali, “Na ƙarshen fa? Ƙanwata ce, da mahaifiyata.”

“Haba, yaro! In ƙasa duka ta san ka, ita ce ba za ta san inda kake ba? Ka zama babba, su za su neme ka.”

Wannan maganar ce ta kama shi. Ku lura, jama'a, shaiɗan ba ya zuwa ya ce maka ka yar da uwarka. Cewa yake ga gajeriyar hanya zuwa wajenta.

Baba Tanimu bai hana shi ba. Cewa kawai ya yi, “Tafi, Allah ya ba da sa'a. Amma kaset ɗin nan yana can yana yawo, yana cewa kana nan ran Juma'a. Kada ka mai da shi maƙaryaci.”

Illo ya rantse ba zai fasa zuwa ba. Juma'ar farko ya zo a ɓoye, ba gurumi. Ta biyu ya zo a makare. Ta uku aka ce akwai gwaji, bai zo ba, kuma ya ga sama ba ta faɗo ba.

Sabuwar waƙar ta fita a radiyo, gari ya ɗauka. Kiɗan nan dai ne mai sa tsikar jiki tashi, sai dai inda a da ake jero ɓatattu, yanzu rijiyoyi da lambuna ake jerowa. Aka ba shi ɗaki a Filato, unguwar manya, mai lantarki da famfo. Aka ɗinka masa manyan riguna. In ya ratsa kasuwa yara na bin sa suna “Illo na Yamai!” Wanda a da gwangwanin ruwa ya ci masa kafaɗa, yanzu wani ne ke ɗaukar masa gita.

Ba wai ya manta da Inna ba, kada in ɗora masa abin da bai yi ba. In ya zauna gaban tuwo da miyar nama takan faɗo masa a rai, loma ta tsaya. Sai ya ce wa kansa, bari a gama bikin ƙasa, in na ci gasar, zan roƙi manya su sa a nemo mini su. Kullum bari, kullum bari.

Abin da ya fara ƙi shi ne masu kawo sunaye. Sukan tare shi a hanya, cikin tsumma, suna kama masa riga. Da farko yakan ba su haƙuri. Daga baya ya fara jin warinsu. Kai, ɗan Adam!

Ana saura kwana ɗaya a tafi Damagaram wajen bikin, an tara su a wani babban fili ana gwaji, soja a bakin ƙofa, Mushe Lawali da wasu masu kaki suna zaune a inuwa. Sai Illo ya hango Baba Tanimu yana jayayya da sojan ƙofa, rigarsa duk laka, takalmin taya a ƙafa. Ya ji kunya ta rufe shi. Ya taka da sauri don ya sallame shi kafin manya su lura.

“Baba, lafiya? Mi ya kawo ka nan?”

“Illo, sau biyu ina aike ba ka zo ba. Wata tsohuwa ce ta zo garka, tana jiranka. Halimatou tana ganin kamar...”

Illo ya katse shi. “Baba, wace Juma'a ce babu tsohuwa? Wace Juma'a ce babu kuka? Ni kaɗai ne a ƙasar nan? Ka ce su tafi wajen hukuma, na bar wannan waƙa.”

“Ka tsaya ka ji ni, ɗana.”

Daga inuwa Mushe Lawali ya ɗaga murya, “Illo, wane ne wannan?”

Illo ya juya ya ce, “Wani mai garka ne, ranka ya daɗe. Na taɓa yi masa aiki.”

Ya ɗaga wa makaɗa hannu, ganguna suka tashi. Soja ya tura tsohon waje. Illo ya ga bakin Baba Tanimu yana motsi, yana ɗaga hannu yana faɗin wani abu da ƙarfi, amma kiɗa ya danne. Shi da kansa ya sa aka danne.

Aka kwashe su zuwa Damagaram, aka killace su makonni ana shiri. Ranar gasa Illo ya hau dandali, ya saki murya, filin nan ya yi tsit, sannan ya ɓarke da tafi. Shi ya zo na ɗaya a ƙasa duka. Aka rataya masa lambar yabo, aka ɗaga shi sama, ana cewa za a kai shi ƙasashen waje.

Yana saukowa cikin turmutsutsu sai wani ramammen mutum, mai sandar ga-ruwa a kafaɗa, ya cafke masa hannu. Illo zai fizge sai ya ji an ce, “Illo ɗan Tudun Aduwa! Ba ka gane ni ba? Sanusi ne, maƙwabcinku.”

Illo ya rungume shi. “Sanusi! Ina mutanenmu? Ina Inna?”

Sanusi ya yi sororo. “Kamar yaya ina Inna? Ba ta iso ba? Ai tun kafin azumi ta tafi wajenka. Muna zaune a wani sansani kusa da iyaka, wani kamiyo ya tsaya da kaset ɗinka. Tana jin an ce mai wushirya ta miƙe tsaye. Tukunyarta ta ƙarshe ta sayar ta shiga mota. Ta ce waƙar ta ce Gamkalley, ran Juma'a.”

Illo ya kama kafaɗar Sanusi. Ya ce, “Aisa fa?”

Sanusi ya sunkuyar da kai. “Inna za ta faɗa maka.”

Ko ɗakinsu bai koma ba. Da babbar rigar da lambar a wuya ya ruga tasha, ya hau bayan kamiyon albasa. Hanyar Damagaram zuwa Yamai mai nisa ce, kwana uku suka yi suna tafe, kuma duk tsawonta abu ɗaya yake gani, bakin Baba Tanimu yana motsi cikin ƙarar ganguna. Yana ta addu'a, ya Allah ka sa in same ta, ko zagina ne ta yi.

Da hantsi ya shiga Gamkalley. Gulbi ya janye har yara na tsallaka shi da ƙafa, rabin garkar ya bushe. A gindin mangwaro akwai tsohuwar tabarma a naɗe, an jingine ta da itacen. Baba Tanimu yana ban ruwa, ya ɗago ya gan shi, ya mai da kansa ga aikinsa.

Halimatou ce ta fito. Ta dube shi tun daga hula har takalmi, ta ce, “Sannu da zuwa, na Yamai. Zauna.”

“Inna Halimatou, ina take?”

“Na ce ka zauna.”

Ya zube a ƙasa. Ta ce, “Shekaranjiya muka kai ta. Da ka yi sauri kaɗan da ka samu sallarta.”

Illo ya buɗe baki, kuka ya ƙi fita.

Halimatou ta zauna kan turmi. “Zan faɗa maka duka, don ta ba ni saƙo. Ta zo nan ƙashi da fata, tana tari. Muka ce, Inna wa kike nema? Ta ce mai waƙar take jira. Na ce kina da sunan da za a sa ne? Ta ce a'a, tana da wanda za a cire, amma sai ya zo. Muka yi muka yi ta faɗi ko ita wace ce, ta ƙi. Sai na lura duk sanda aka ce Illo, sai ta ja mayafi ta kau da kai. Na ce wa Malam, wannan ba kunyar baƙo ba ce, kunyar ɗan fari ce. Shi ne ya tafi wajenka.”

Baba Tanimu bai juyo ba, ruwa kawai yake zubawa.

“Da ya dawo bai faɗa mata yadda kuka yi ba. Ya ce kana aikin gwamnati, kana tafe. Ya koma washegari aka ce kun tafi. Mun ba ta ɗaki, amma duk Juma'a sai ta ja jiki ta fito nan da tabarmarta tun kafin a sauko. Tana zaune har magariba. In mutane suka fara zaginka, suna cewa ka ci amana, sai ta ce, ku yi masa uzuri, yaro ne.”

“Ran da kuka yi gasa Malam ya kawo mata radiyo har shimfiɗa. Da ka fara waƙa ta rufe ido, hawaye na bin kuncinta. Ta san kiɗan. Na ga tana jira, tana jira a zo wajen sunaye. Aka gama waƙa ba a kira kowa ba.”

Illo ya rufe fuska da hannu biyu.

“Ka san abin da ta ce? Ta ce, ‘Allah sarki, ashe ya riga ya ji.’ Na ce ya ji mi, Inna? Ta ce, ‘Aisa. Ƙyanda ta ɗauke ta a sansani. Abin da na zo in faɗa masa ke nan, ya daina kiranta, kada ya yi ta wahalar da muryarsa. Ashe labari ya kai masa, shi ya sa ya cire ta. Shi ya sa bai iya zuwa nan ba, wurin zai riƙa tuna masa.’ Wallahi Illo, har ta cika tana jin tausayinka.”

Nan kukan ya zo. Ya yi ta buga kansa da gindin mangwaro har sai da Baba Tanimu ya yar da gwangwani ya zo ya riƙe shi. Yana cewa, “Baba, da ta tsine mini! Da ta san gaskiya ta tsine mini, da ya fi mini sauƙi!”

Da ya lafa, ya ce da muryar da ta dishe, “Saƙon fa?”

Halimatou ta share ido da bakin zane. “Ta ce, ‘In wancan ya zo, ki ce masa ya riƙa cin abinci.’”

Illo bai koma Filato ba. Mushe Lawali ya aiko, ya sake aikowa, daga baya aka daina sa waƙarsa a radiyo, aka ba wani yaro gitar. Duniya ba ta jiran kowa. Ya koma ɗibar ruwa, ya ɗauko tsohon guruminsa. Duk Juma'a in an sauko yana gindin mangwaro, ko mutum ɗaya ne ya zo. Sau biyu jandarmomi suka tafi da shi, sau biyu ya dawo ya zauna a wurin.

Mutane da dama sun ga nasu ta dalilinsa bayan haka, har damina ta dawo, aka fara komawa gida. Amma waɗanda suka ji shi a lokacin sun ce in ya gama jero sunayen mutane ya zo wajen na ƙarshe, sai bakinsa ya rufe. Gurumin kaɗai ke tafiya, shi kuwa yana kallon tabarmar nan da ke jingine, har kiɗan ya ƙare.

Darasi: Duk inda ka ce wa mutane “ina nan,” to ka kasance a nan, domin ba ka san wanda ya sayar da tukunyarsa ya taho saboda maganarka ba. In Allah ya ɗaga ka, kada ka ji ƙyamar waɗanda kukansu ne ya fara sa aka san muryarka, kuma kada ka katse dattijo kafin ya kai ƙarshen zancensa. Wanda iyayensa ke raye, ya tashi ya je yau, kada ya ce sai ya zama wani abu. Da na sani ƙeya ce. Ku tura wa ’yan uwa da abokai, wataƙila akwai wanda ake jira a wani gindin mangwaro bai sani ba. Allah ya jiƙan iyayenmu.